Zambo Cikin Hoto: Sarakunan Ingila Da Mayaƙan Ruwa

Kowa ya san aikin maroƙi. In ya yabi mutum sai ya kai shi sama, in kuwa aka hana shi abin da ya ke so sai ya juya harshe, ya yi masa zambon da yara za su riƙa rerawa a bakin rijiya. Amma zambon baki yana da iyaka. Wanda ba ya wurin bai ji ba, in kuma maroƙin ya mutu, sau da yawa zambonsa ya kan bi shi kabari.

A ƙasar Ingila an yi waɗansu masu zambo da ba su da kalangu, ba su kuwa ɗaga murya. Kayan aikinsu allura ce, da allon tagulla, da tawada. Su kan zana mutum yadda duk wanda ya gani zai shaida shi, amma su ƙara masa hanci, ko tumbi, ko leɓe, su sa shi cikin wani hali na abin dariya, sa'an nan a buga hoton ɗari-ɗari a sayar. Ba su bar Sarki ba, ba su bar 'ya'yansa ba, ba su kuma bar mayaƙan ruwa ba, waɗanda su ne ƙarfin ƙasar a lokacin. Kasuwar wannan sana'a ta ci sosai a birnin Landan daga wajen 1780 zuwa 1830, watau zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Gwanayenta uku ne: James Gillray, wanda aka haifa a 1756, da Thomas Rowlandson tsaransa, da George Cruikshank, wanda ya zo daga baya, aka haife shi a 1792.

Labarinsu ya cancanci a san shi, domin yana nuna abin da zambo zai iya yi wa mai mulki, yana kuma nuna inda ƙarfinsa ya tsaya.

Yadda A Ke Yin Hoton

Mai zane ya kan sami allon tagulla mai santsi, ya shafe shi da wani haɗi na kaki. Sa'an nan ya ɗauki allura ya zana abin da ya ke so a kan kakin, allurar tana buɗe tagullar a duk inda ta bi. In ya gama sai ya tsoma allon cikin wani ruwa mai cin ƙarfe, irin ruwan batir. Ruwan ba ya taɓa inda kaki ya rufe, sai ya ci wuraren da allura ta buɗe, ya bar 'yan ramuka sirara. A goge kakin, a cika ramukan da tawada, a ɗora takarda mai laima, a matse cikin inji. In an ɗaga takardar sai ga hoto ya fito. Komai a juye a ke zana shi, har rubutun, kamar yadda a ke sassaƙa hatimi. Bayan haka akwai ma'aikata masu shafa launi da hannu, takarda ɗaya-ɗaya.

Aikin yana da sauri. Abu ya kan faru a fada ko a Majalisa, kafin mako ya zagayo hotonsa ya fito. Amma ba shi da araha. A kuɗin wancan zamani sule 20 ke yin fam guda, hoto mai launi kuwa ya kan kai sule 2 ko fiye, alhali ƙwararren sojan ruwa sule 24 ya ke samu a wata. Saboda haka masu saye manya ne da attajirai. Talaka kuwa yana da tasa hanyar. Masu kantunan su kan jera sababbin hotuna a jikin gilashin taga, sai jama'a su taru a titi suna kallo kyauta, ɗan dako da mai wanki da ɗan Majalisa kafaɗa da kafaɗa. Kantin da ya fi suna shi ne na wata mace, Hannah Humphrey, wadda ke sayar da aikin Gillray. A 1797 ta koma da shi titin St James, 'yan taku kaɗan daga fadar Sarki. Wanda bai iya karatu ba ma, in ya ga tumbin ya san mai shi. Gani ya kori ji.

Uba Marowaci, Ɗa Almubazzari

Sarkin Ingila a farkon wannan zamani shi ne Joji na Uku, wanda ya hau gado a 1760. Mutum ne mai kamun kai, mai son noma, mai tsimi ƙwarai a gidansa. Babban ɗansa kuwa, Yarima Joji, magajin gado, ya yi hannun riga da shi: ci, da sha, da caca, da gine-gine, da bashi. A watan Yuli na 1792 Gillray ya fitar da hotuna biyu, ɗaya na ɗan, ɗaya na uban, don a rataye su gefe da gefe.

A na uban, ga Sarki da matarsa zaune a tebur. Sarki yana cin dafaffen ƙwai da ɗan cokali, Sarauniya tana cusa ganye a baki. Wandon Sarki da maho. Ya ja gefen mayafin tebur ya soke a wuya don kada ya ɓata wani ƙyalle. Murhun ɗakin babu wuta, an rufe kujera da zane don kada ta tsufa, abin sha kuwa ruwa ne, alhali dukiya na jibge a taska.

A na ɗan, ga Yarima ya baje a kujera bayan ya ci ya yi nak. Rigarsa ta ciki ta kusa tsagewa, maɓalli ɗaya kaɗai ke riƙe da ita. Yana sakace da cokali mai yatsu. Kwalabe da aka shanye suna ƙarƙashin tebur, 'ya'yan caca suna ƙasa, takardun bashin da bai biya ba kuwa an danne su da tukunyar fitsari. A bango, inda ya kamata a ga tambarin sarauta, sai ga wuƙa da cokali an gicciya.

Mai zanen bai ƙaga bashin ba. A 1795 bashin Yarima ya kai fam 630,000, har ya yarda ya auri wata gimbiya daga Jamus, Caroline, wadda ba ya so, don Majalisa ta ƙara masa kuɗi. Wannan kuɗi daga harajin jama'a ya ke fitowa, a lokacin da a ke yaƙi da Faransa, abinci kuma ya yi tsada. Ke nan mutumin da ke dariya a bakin taga, kuɗinsa ya ke kallo a cikin tumbin nan.

Da ciwon hauka ya kama tsohon Sarki, aka naɗa Yarima mai riƙon gado a 1811. Shekara guda bayan haka Cruikshank, yana ɗan shekara 19, ya zana shi da siffar ƙaton kifin teku, irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa, yana iyo cikin tekun siyasa, yana feso ruwan alheri a kan sababbin abokansa, yana watsa wa tsofaffin abin da ba shi da amfani. Dalilin siffar shi ne, a Turanci sunan sarautar Yarima da sunan wannan kifi kusan lafazinsu ɗaya ne. Wannan Yarima shi ne ya zama Sarki Joji na Huɗu a 1820, shi ne kuma Sarkin da Muhammadu Bello ya rubuta wa takarda daga Sakkwato a 1824.

Mai karatu zai yi mamaki yadda aka yi ba a ɗaure masu wannan aiki ba. Ba don babu doka ba ne. A 1813 an ɗaure wani marubuci, Leigh Hunt, da wansa, shekara biyu-biyu, aka kuma ci kowannensu tarar fam 500, don sun rubuta a jaridarsu cewa Yarima mai ƙiba ne, mai saɓa alkawari. Abin da suka rubuta bai kai rabin abin da a ke zanawa ba. Amma hoto yana da wuyar kaiwa gaban alƙali. In za a yi shari'a, dole lauyan gwamnati ya ɗaga hoton a gaban jama'a, ya nuna tumbin, ya rantse cewa wannan Yarima ne, ya fassara kowace ba'a dalla-dalla. Kafin ya gama, kotu ta cika da dariya, wanda bai san hoton ba ma ya je ya nema. Manya suka ga cewa shiru ya fi musu sauƙi.

Ɗan Sarki A Jirgin Yaƙi

Ingila tsibiri ce, saboda haka garunta shi ne manuwa, watau jiragen yaƙi na ruwa. Jiragen katako ne masu tafiya da iska, babban cikinsu ya kan ɗauki igwa 74 ko 100, da mutum 600 zuwa 800. A yaƙin Faransa mayaƙan ruwan Ingila sun haura mutum 100,000.

Sarki Joji na Uku ya sa ɗansa na uku, Wiliyam, aikin jirgi a 1779, yana ɗan shekara 13. Ya yi aikin da gaske, ya ga yaƙi, ya kai matsayin kyaftin, ya yi abota da Nelson har ya zama waliyyin amarya ranar aurensa a 1787. Amma daga 1790 ba a sake ba shi jirgi ba, ko da ya ke ya yi ta roƙo. Sai ya zauna a tudu yana ta samun ƙarin girma, har ya zama babban hafsan jiragen Ingila duka a 1811. Masu zane suka same shi kamar nama a faranti. Su kan zana shi da kayan sojan ruwa, da kai mai tsini, da jan leɓe. Shekara 20 yana zaune da wata 'yar wasan kwaikwayo, Dorothea Jordan, ba da aure ba, suka haifi 'ya'ya 10. Hotunan da aka yi a kan wannan zama, waɗansunsu ba su faɗuwa a littafi. Wannan Wiliyam shi ne ya gaji wansa a 1830, Turawa suna kiransa Sarki Matuƙi.

Ɗan Sarki ya shiga jirgi ta ƙofar girma. Talaka kuwa sau da yawa da igiya a ke kai shi. Aikin yana da wuya, albashi kaɗan ne, saboda haka doka ta yarda a kama mutane da ƙarfi, musamman waɗanda suka san aikin ruwa. Hafsa guda da 'yan kulki su kan bi tashoshin jirgi da gidajen giya suna kamu. Cikin hotunan farko na Gillray akwai wanda ya yi a 1779 a kan wannan. Ga 'yan kamu sun riƙe wani ramammen tela a titin Landan, almakashinsa a aljihu, mata sun taso musu, wata tana jan gashin ɗaya, wata ta ɗaga sandar share ɗaki. Sunan da ya ba hoton, ma'anarsa 'yancin talakan Sarki. Gatse ke nan, domin mutanen Ingila suna alfahari da cewa su 'ya'ya ne, ba mai taɓa su sai da shari'a. Gillray ya san abin da yaƙi ke yi wa talaka, don ubansa soja ne da ya rasa hannu ɗaya a fagen fama.

Mutanen ƙasar Hausa sun taɓa ganin ɗaya daga cikin waɗanda wannan hanya ta bi da su. Clapperton, Baturen da ya iso Kano da Sakkwato a 1824, wanda ya ɗauki takardar Bello zuwa Ingila, yaron jirgin fatake ne tun yana ɗan shekara 13, aka tilasta shi shiga manuwa, daga baya ya zama hafsa. Ya komo Sakkwato, ya rasu a can a 1827.

Zaman Cikin Jirgi

Wanda aka kai jirgi ya kan yi shekaru bai taka ƙasa ba, don a kan hana shi sauka kada ya gudu. Wurin kwanansa raga ce da a ke ratayewa, faɗin inci 14 a ke ba kowa. Abincinsa naman da aka jiƙa da gishiri cikin ganga, da busasshen biskit wanda ƙwari kan shiga, sai an ƙwanƙwasa shi a tebur kafin a ci. Horonsa bulala ce mai harshe tara, a gaban dukan 'yan jirgi.

Rowlandson ya fi son zana su sa'ad da suka sauka. Yana da wani sanannen hoto na bakin tashar Portsmouth, inda jirage ke shirin tashi. Ga masu sallama da iyali, ga mashaya sun faɗi a ƙasa, ga mai ƙafar katako yana goge, ga kantin mai ba da rance a gefe guda, gidan giya a ɗaya gefen. Wanda ya duba da kyau zai ga inda kuɗin shekara biyu ke ƙarewa cikin kwana uku. Turawa sun laƙaba wa sojan ruwa suna Jack, suna zana shi jarumi, mai kyauta, mai wauta, wanda ba ya tunanin gobe.

A 1820 Cruikshank ya fitar da jerin hotuna na wani yaro ɗan masu hali da aka sa koyon aikin hafsa, aka sa masa suna mai ma'anar Daƙiƙi. Wani hafsan ruwa na gaske, Kyaftin Marryat, shi ya tsara su, saboda haka babu ƙarya a ciki. An fara da yaron a gida ana cika masa akwati, uwa tana kuka, shi kuwa yana wasa da sabon takobi. Sai ga shi ya shiga ɗakin 'yan koyo a can ƙasan jirgi, duhu da hayaniya, ya tsaya baki buɗe. Sai ga shi yana gadin tsakar dare cikin ruwa da ɗari. Sai ga shi an hore shi da zama a ƙolin jigon jirgi. Daga baya ga shi a zauren ofishin manyan jiragen ruwa, cikin taron masu jiran a tuna da su. Duk wanda ya taɓa zaman jiran wani babba a ƙofar ofis ya san wannan zaure.

Akwai kuma wani hoto na 1805 da ya taɓa maganar ganima. In an kama jirgin abokan gaba a kan sayar, a raba kuɗin kashi takwas. Kyaftin shi kaɗai ya kan ɗauki kashi biyu ko uku, ɗaruruwan 'yan jirgi kuwa su raba kashi biyu tsakaninsu. A hoton, ga wani Jack ya durƙusa a gindin igwa ana shirin yaƙi. Hafsa ya tambaye shi ko tsoro ya ke ji. Ya ce a'a, addu'a ya ke yi Allah ya sa a raba harsashin abokan gaba yadda a ke raba ganima, kaso mafi yawa ga hafsoshi.

In an ci nasara kuwa, sai allura ta koma kirari. A ran 1 ga Agusta 1798 Nelson ya auka wa jiragen Faransa a bakin kogin Nilu, cikin manyan jirage 13 biyu kaɗai suka tsira. Gillray ya zana shi tsaye cikin ruwa, da kulki a hannunsa na hagu, don ya riga ya rasa na dama, yana ta bugun kadoji masu launin tutar Faransa. A 1805 ya zana Firayim Minista Pitt da Napoleon zaune a tebur, duniya a gabansu kamar malmalar tuwo, Pitt yana yankar teku, Napoleon yana yankar ƙasashen Turai. Gillray ne ya mai da Napoleon ɗan guntun mutum mai ƙatuwar hula da zafin rai. Tsawonsa daidai ya ke da na sauran mutanen zamaninsa, amma har yau mutane da yawa suna tsammani gajere ne. Zambo in ya kama, ko ƙarya ne, wanke shi sai an sha wuya.

Ranar Da Jack Ya Yi Magana

A nan ne labarin ya ke da abin lura. A watan Afrilu na 1797 mayaƙan ruwan da ke Spithead, kusa da Portsmouth, suka ƙi ɗaga anga. Kukansu a fili ya ke. Fiye da shekara 130 ba a ƙara musu albashi ba. Ma'ajin jirgi kuma ya kan auna musu oza 14 a matsayin laba guda, alhali laba oza 16 ce. Suka zaɓi wakilai biyu daga kowane jirgi, suka rubuta takardar kuka cikin ladabi, suka ce in jiragen Faransa suka fito za su tashi su yi yaƙi. Gwamnati ta ga ba makawa. Aka ƙara wa ƙwararren ɗan jirgi sule 5 da sisi a wata, aka cika mudun abinci, aka kawar da waɗansu mugayen hafsoshi, Sarki ya yafe wa kowa.

Waɗansu jirage a Nore, bakin kogin da ke shiga Landan, suka bi sawu, suka nemi fiye da haka, har suka tare hanyar jiragen fatake. Wannan karon gwamnati ta ƙi. Aka rataye shugabansu, Richard Parker, a ran 30 ga Yuni, da waɗansu da dama.

To, me masu zane suka yi? Isaac Cruikshank, uban George, ya zana wakilan 'yan jirgin zaune a ɗakin kyaftin, munana, jahilai, da bindigogi a tebur, 'yan hamayyar gwamnati kuwa suna ɓoye a ƙarƙashin teburin suna zuga su. Muddin Jack yana sha, yana rawa, yana mutuwa a bakin igwa, abin so ne a takarda. Ran da ya zauna ya rubuta abin da ke damunsa, sai aka zana shi ɗan iska. Dalilin ba boyayye ba ne. Mai sule 2 na sayen hoto ba ya kwana a raga mai inci 14. Sule 5 da sisin nan ma, haɗin kan 'yan jirgi da takardarsu ne suka jawo shi. Kamun mutane bai tsaya ba sai da yaƙi ya ƙare a 1815, bulala kuwa ta ƙara fiye da shekara 50 bayan haka.

Ladan Kuturu

Mai zambo yana da ciki kamar kowa, masu mulki kuwa sun san haka. A farkon 1796 an kama Gillray saboda wani hoto da ya yi a kan haihuwar 'yar Yarima, amma maganar ta mutu ba a yi shari'a ba. Daga ƙarshen 1797 sai ga shi yana karɓar fam 200 a shekara a asirce daga mutanen Pitt, ta hannun wani saurayin ɗan siyasa, George Canning. Tun daga nan Sarki ya sami sauƙi a hannunsa, allurar ta koma kan Faransawa da 'yan hamayya. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Joji na Huɗu ya bi wata hanyar. Ya kan aika a saye hoton da ya ƙona masa rai, duk da allon tagullar, don kada a sake bugawa. Masu kantuna suka gane, har waɗansu su kan shirya hoto mai muni don dai a zo a saya. A 1820, sa'ad da ya ke neman rabuwa da matarsa Caroline, jama'ar Landan kuwa suna bayanta, hotuna suka yi ta fitowa kamar fari. A watan Yuni na shekarar aka ba George Cruikshank fam 100, ya sa hannu a takarda cewa ba zai ƙara zana Sarki cikin halin lalata ba. Ya karɓi kuɗin, ya ci gaba da zana shi cikin sauran halaye, waɗanda alkawarin bai ambata ba.

Duk da haka ba za a ce aikinsu banza ne ba. A waɗannan shekaru Faransawa sun sare kan Sarkinsu, a 1793. Mutanen Ingila kuwa sun yi ta yi wa nasu dariya, gadon sarauta bai faɗi ba. Sarkin da ya biya fam 100 don a rufa masa asiri ya nuna cewa maganar jama'a tana damunsa, wannan kuwa wani irin linzami ne. Waɗanda suka zo bayan Joji na Huɗu sun lura. Sarauniya Victoria, wadda ta hau gado a 1837, ta tsare mutuncin gidanta ƙwarai, zambo mai zafi irin na da kuma ya ja baya, ya koma 'yar ba'a mai ladabi a cikin jaridu.

Gillray bai ga wannan ba. Idonsa ya raunana, hankalinsa ya taɓu wajen 1810. Hannah Humphrey ta riƙe shi a ɗakin da ke saman kantinta har ya rasu a 1815. Cruikshank ya yi tsawon rai, ya bar zambon sarakuna, ya koma zana hotunan littattafai da yin wa'azi a kan shan giya, ya rasu a 1878. Abin mamaki, babban mai tara waɗannan hotuna shi ne Joji na Huɗu da kansa, shi da ubansa. Sun tara kusan 10,000, aka ajiye su a fadar Windsor, har 1921 da aka sayar da su ga babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka.

Mutumin da ya yi haƙuri ya koyi karatu da girmansa ya san cewa ba duk abin da aka buga a takarda ne gaskiya ba. Hoto ma haka ya ke, har ya fi rubutu saurin shiga zuciya, domin ba ya jiran a haɗa baƙi da wasali. In ya ga an zana wani babba da ƙaton tumbi, ya yi dariyarsa, ba laifi, wataƙila ma tumbin da kuɗinsa aka tara shi. Amma bayan dariyar ya kamata ya tambayi kansa abu uku: wa ya zana, wa ya biya shi, wa kuma aka zana da mummunar fuska don kawai ya buɗe baki ya nemi hakkinsa. Hoton Yarima da takardun bashinsa gaskiya ne. Hoton wakilan 'yan jirgi ƙarya ne. A birni ɗaya aka sayar da su, jama'a ɗaya ce kuma ta tsaya ta yi musu dariya.